Benci Mai Gajeriyar Ƙafa

Kafinta ya tsinci jariri a ƙofar coci, ya kai wa matarsa. Ba su taɓa haihuwa ba. Ta goya shi, ta raine shi da madarar gwangwani. Unguwa ta sa masa Tsintau, sunan ya bi shi har ya yi gemu.

Ba a ɓoye masa komai ba. Kafinta ba ya ƙarya, ba ya kuma lallashi. Yaron ya tashi kamar baƙo a gidan. Ba ya neman ƙarin abinci, ba ya shiga ɗaki sai an ce shigo. Ranar da aka yi masa baftisma, fasto ya ce a gidan Ubangiji kowa ɗan riƙo ne, babu wanda jini ya shigo da shi. Tsintau ya riƙe maganar a ransa, bai gaya wa kowa ba.

Aikin farko da aka ba shi a shago shi ne bencin gaba na cocin. Ya yanke ƙafa ɗaya ta gaza sauran. Ya ɓuya bayan tulin katako, yana jiran a kore shi. Kafinta ya jawo shi da kunne, ya sa shi ya yanko guntun katako ya buga a ƙarƙashin ƙafar. Ya ce katakon da ya shigo shagonsa ba a yar da shi. A kan bencin suke zama kowace Lahadi, su uku, yana ɗan girgiɗi.

Kafinta ya rasu. Ƙanensa ya zo da 'ya'yansa maza. Ya bar Tsintau ya haɗa akwatin gawar, yana dariya yana cewa ai kaza ma takan yi wa mai ba ta hatsi ƙwai. Ana buga ƙusa ta ƙarshe ya miƙo hannu, ya karɓi makullin shago. Tsohuwa, matar kafinta, tana ji daga ɗaki. Ba ta da ido, ba ta da wanda zai tsaya mata.

A coci aka ajiye akwatin a gaba. Tsintau ya zaunar da tsohuwa a bencin, ya zauna gefenta. Ƙanen marigayi ya tsaya a kansa.

"Kai, nan wurin dangi ne. Koma baya wajen maƙwabta."

Mawaƙa suka yi shiru. Fasto ya sunkuyar da kai. Tsintau ya duba, babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Tsohuwa tana kuka, hannunta bai ko motsa ba. Ya san gobe ba shi da shago, jibi ba shi da ɗaki, kuma babu inda zai kai ƙara. Ya dafa bencin zai miƙe. Bencin ya karkata, dunduniyarsa ta taɓa guntun katakon nan. Yana nan, ƙusar ta yi tsatsa.

Ya koma ya zauna.

Mutumin ya tambaye shi ko kurma ne. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya matso yana naɗe hannun riga.

"Baffa, shago naku ne, gida ma naku ne," in ji Tsintau. "Nan gidan Ubana ne. Ba zan tashi ba."