Yatsu Huɗu a Bakin Jirgi

Vern Delwiche ya yi shekara talatin da ɗaya yana walda a wajen ƙera jiragen ruwa, kuma da ya ajiye aiki bai ko huta mako guda ba ya sayi ɗan jirginsa mai inji ɗaya. Tun daga lokacin, duk safiyar da iska ta kwanta, shi da matarsa Arlene sukan bar matsayar jirage ta Algoma su nausa cikin tafkin Michigan, su baza fatsu shida a baya, su yi ta ja a hankali, gudun da bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Ita ke riƙe sitiyari, shi ke fama da sanduna. Idan kifi ya shigo jirgi kuwa ita ke kashe shi, don ta ce dukan Vern kamar na mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ne.

Wata Talata a watan Yuli kifin samon ya ƙi ci. Tun fitowar rana suke zagaye a ruwa mai zurfin ƙafa ɗari, babu ko taɓi. Wajen ƙarfe tara Vern ya ce su ƙara gaba, can inda ruwan ɗumi ke karo da na sanyi, don nan ne kan-ƙarfe, kifin nan mai tsalle, ke kiwo kusa da sama. Suka yi mil goma sha biyu, har gaɓa ta koma siririn layi. Ba su daɗe ba sandar gefe ta lanƙwashe. Kifin ya yi tsalle sau uku yana walƙiya kamar sabon kwano, Vern ya jawo shi, Arlene ta saki sitiyari ta kwaso shi da homa, ta zaro kulkinta na katako ta ba shi biyu a tsakar ka. Jini ya fantsama a takalminta. Ta jefa shi cikin ƙanƙara, ta goge hannu a wando, ta zuba musu kofi.

Tana miƙa masa kofin ne ya ga idonta ya kafe a kan wani abu a bayansa. Ya waiga. Wani farin jirgi mai inji biyu ne ke tahowa daga kudu, yana tsaga ruwa. Duk su biyun sun san shi. Na Curtis Hruska ne, mijin 'yarsu Trisha.

A watan Maris Curtis ya karya wa Trisha muƙamuƙi a kicin, a gaban 'ya'yansu biyu. Likitoci suka ɗaure mata haƙora da waya har mako shida, kuma Arlene ce ta riƙa dama mata miya ruwa-ruwa tana zuƙa ta bututun roba. Kotu ta hana shi kusantarta, ta kwashe yaran ta dawo gidan iyayenta. A duk tsawon wannan lokaci Vern bai ce wa mutumin uffan ba. Sau biyu suna haɗuwa a gidan mai, sau biyu Vern yana sunkuyar da kai yana duba tayar mota. Yakan gaya wa kansa cewa magana tana hannun hukuma. Arlene ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma shirun nata ya fi gorin ci masa rai.

Oba-obar jirgi ta yi ƙara, muryar Curtis ta fito, a tashar da duk masu jirage ke saurare.

"Barka da hantsi, surukina. Na ga yau ma da direbarka ka fito. Ka gaya wa matata ta riƙa ɗaukar waya."

Vern ya miƙa hannu ya kashe na'urar. Ya ce wa Arlene su naɗe kaya su koma gida. Ta ce ba inda za su, tafkin ba na uban Curtis ba ne.

Ba ta rufe baki ba sandar tsakiya, mai doguwar wayar tagulla da ke nutsewa can ƙasa, ta dunƙufa har bakinta ya kusa taɓa ruwa. Kwarkwaron naɗe wayar ya hau kuka. Vern ya fizgo sandar, ya ji nauyi irin wanda ya shekara uku bai ji ba. Babban samon ne, yana ta zuƙe waya yana nutsawa. Ya dasa ƙafa, ya kafa gindin sandar a ciki, ya manta da farin jirgi na ɗan lokaci.

Shi kuwa Curtis ya hango sandar a lanƙwashe. Kowa ya san ba a gitta bayan jirgin da ke jan fatsa, balle mai kifi a ƙugiya. Ya karya kwana, ya ba injinansa wuta, ya ratsa ta bayansu da taku kamar ashirin. Farfelarsa ta tsinke zare uku a take. Wayar tagullar ta yi tauri kamar tsarkiya, ta tsinke, ragowarta ta dawo da ƙarfi ta zane Vern daga kumatu har kunne. Ya faɗi zaune. Da ya shafa fuska, sai ya ga tafin hannunsa jawur.

Curtis ya zagayo. Ya rage gudu daidai da nasu, ya saita jirginsa ya riƙa tafiya da kansa, ya bar sitiyari ya zo gefe riƙe da gwangwanin giya. Ƙato ne ɗan shekara talatin da takwas, mai aikin rufin gidaje, wuyansa ja saboda rana. Tsakanin jiragen bai fi tsawon mutum biyu ba.

"Tsoho, kifin ya fi ƙarfinka ne?" in ji shi yana dariya. "Ka gaya wa Trisha takardar kotu wata shida ce. Saura biyu. Ni da kaina zan zo in ɗauke ta, kuma wannan karon ba a baki zan tsaya ba."

Kusa da gwiwar Vern akwai curin dalma mai girman dunƙulen hannu biyu, wanda ake nutsar da fatsa da shi. Bai san lokacin da ya ɗauka ba. Ya miƙe, ya wurga da dukan ƙarfinsa. Ya kuskure Curtis da kamu ɗaya, curin ya daki gilashin gaban farin jirgin, gilashin ya tarwatse.

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Curtis. Ya yar da gwangwanin, ya ɗauko doguwar sanda mai ƙugiya, ya saƙala ƙarfen gefen jirginsu, ya ja har jiragen suka yi karo. Sannan ya tsallako.

Naushin farko a hanci ya sauka, Vern ya ji ƙashin ya yi ƙas. Na biyu a ciki. Ya yi ƙoƙarin rungumar ƙugun mutumin, Curtis ya sa masa gwiwa a ƙirji, suka faɗa kan akwatin ƙugiyoyi, akwatin ya fashe, kaya suka watse. Wata ƙugiya mai baki uku ta shige bayan hannun Vern har gindi. Curtis ya cafki gashinsa ya buga kansa a murfin akwatin ƙanƙara, sau ɗaya, sau biyu, yana cewa ai dama ya daɗe yana jiran wannan rana, gidan nan duk ba wanda ya san girman namiji. Vern yana jin ɗanɗanon jini da warin kifi, yana ganin sama tana juyawa. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne, ashe haka Trisha ta ji, ita kuwa ko rabin nauyinsa ba ta kai ba.

Curtis ya miƙe tsaye don ya sa ƙafa. A daidai nan Arlene ta danna totur har ƙarshe, ta murɗe sitiyari hagu. Jirgin ya ɗaga hanci ya zabura. Curtis ya yi baya taga-taga, bayan gwiwarsa ya daki bangon bayan jirgin, ya kifa cikin ruwa.

Ta rage wuta. Farin jirgin na can yana tafiyarsa gabas, babu kowa a ciki. Curtis ya ɓullo yana haki. Ya fara bin jirginsa da iyo, ya yi kamar taku goma, ya gane ba zai cim masa ba. Ruwan wurin ko a tsakiyar Yuli sanyinsa na yanka ƙashi, ga shi babu rigar ceto a jikinsa, ga takalman aiki a ƙafa. Ya juyo yana kiran sunan Vern.

Vern ya ja jiki ya dafa kujera. Ya ce wa Arlene ta juya su ɗauke shi. Ta dube shi, ta dubi fuskarsa da ta koma kamar naman mahauta. Ta juya jirgin a hankali, ta kai shi dab da mutumin, ta kashe inji. Vern ya sunkuya yana neman igiya a ƙarƙashin kujera da hannu ɗaya.

Curtis ya miƙo hannun dama ya kama bakin jirgi. Leɓensa ya yi shuɗi. Ya ce, "Mama, ja ni."

Vern ya ji ƙarar dukan kafin ya gani. Da ya ɗago, Arlene na tsaye a saitin hannun Curtis, kulkin kifi a sama. Ta sake sauke shi. Ba ta ihu, ba ta zagi, tana dai saukewa ɗaya bayan ɗaya, daidai wuri, yadda take yi wa kifi. Curtis ya yi wata ƙara da Vern bai taɓa jin namiji ya yi ba, amma bai saki ba, don ya san abin da ke ƙarƙashinsa. A duka na huɗu yatsun suka zame. Ya kama da hagu. Ta gyara tsayuwa ta ɗaga kulkin.

Vern ya riƙe wuyan hannunta. Mace ce 'yar shekara sittin da uku, ƙarama, amma sai da ya sa dukan nauyinsa.

"Sake ni, Vern."

"Ya isa, Arlene."

"Mako shida," in ji ta. "Kai ba ka shiga ɗakin ba in Trisha na ƙoƙarin yin amai da baki a ɗaure."

Bai sake ta ba sai da kulkin ya faɗi. Sannan ya durƙusa, ya cusa hannunsa mai ƙugiya cikin bel ɗin Curtis, ya ja, ya sake ja, har ƙaton ya mirgino ciki ya kwanta cikin jini da ƙugiyoyi yana makyarkyata. Yatsunsa huɗu sun kalli wurare daban-daban, ɗaya ƙashi a waje. Vern ya rufa masa tsohon bargo, ya kunna oba-oba, ya kira masu gadin gaɓa. Arlene ta koma mazauninta ta tayar da inji. Suka yi tafiyar awa guda zuwa gaɓa.

'Yan sanda da motar asibiti na jira a matsaya. Kafin a tambayi kowa Vern ya ce shi ya wurga dalma, shi kuma ya daki hannun. Arlene ta buɗe baki, ya taka mata ƙafa. Da aka tambayi Curtis a asibiti, shi ma cewa ya yi tsohon ne. Ya gwammace a ce namiji ya nakasa shi da a ji a mashaya cewa surukarsa ce.

Yatsa biyu aka yanke wa Curtis, biyun da suka rage ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Masu jirage shida sun ji abin da Curtis ya faɗa a oba-oba, wani kuma ya hango lokacin da ya gitta da lokacin da ya tsallaka, saboda haka alƙali ya ba Curtis shekara biyu. Vern aka ba shi kwana arba'in da biyar, don dukan mutumin da ke cikin ruwa ba kare kai ba ne. Ranar da abin ya faru, da aka gaya wa Trisha, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma gode wa kowa ba. Ta tambayi wane hannu ne. Aka ce na dama. Ta daɗe tana kallon uwarta, sannan ta tashi ta je yi wa yara wanka.

A ƙarshen Oktoba aka sallami Vern. Arlene ta zo ɗaukarsa da tsohuwar motarsu, ta kawo masa rigar sanyi. Sun yi nisa a hanya, gonakin masara duk an girbe, kafin ta yi magana. Ta ce tana so ya sani, da bai riƙe ta ba, ba za ta tsaya ba. Ya ce ya sani, ai yana wurin. Ta ce kuma har yau ba ta gama yanke wa ranta ko ta yafe masa riƙon da ya yi mata ba.

Vern ya shafa tabon kumatunsa, yana kallon hanya. Ya ce to, ta ɗauki lokacinta. Can da suka kusa shiga gari ya ce ta tsaya a shagon burodi, jikokinsa ba za su gan shi hannu rabbana ba.