Bargon Iya Mai Keke

Keken ɗinkin ya tsaya cak a tsakiyar gudu, sai kuma ƙarar wani ƙarfe da ya faɗi kan siminti. Amarya tana durƙushe gaban baho tana cuɗa rigar mijinta, ta ɗaga kai ta kasa kunne. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da na tsohuwar tela, a hawa na biyu na gidan hayar, kuma ta san yadda keken nan yake tsayawa idan zare ya tsinke. Tsaki ne yake biyo baya. Yau babu tsaki.

"Iya?"

Shiru. Hantsi ya dubi ludayi, masu aiki sun tafi aiki, yara suna makaranta, mijinta ya kwana biyu a hanya da babbar mota. Ta miƙe da kumfa a hannu, ta ɗaga labulen maƙwabciyarta.

Iya Mai Keke tana kife a kan teburin keken, kumatunta a kan ƙyalle, almakashi a ƙasa. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Idonta a buɗe yake.

"Amarya," ta ce a hankali, "sauke ni ƙasa. Wani abu ya danne mini ƙirji."

Shekarar Amarya shida da aure, amma tun ranar da ta tare tsohuwar ta raɗa mata sunan nan, har ya bi ta gidan duka. Ta tallabo ta, ta ji nauyinta kamar buhun siminti, ta kwantar da ita a kan tabarma.

Lambar ɗan Iya tana rubuce da biro a jikin bango, kusa da makunnin fitila. A wani gari mai nisa yake aiki. Sau uku tana kira, wayar tana shiga ba a ɗauka. Ta kira asibiti, wata murya ta ce motar ɗaukar marasa lafiya za ta taso, sai dai akwai cunkoso a hanya. Ta leƙa ta taga ta ƙwala wa mai shagon da ke ƙasa kira.

"Malam! Iya ce ba lafiya! Nemo mota, don Allah!"

Ta ga ya bar shagon a buɗe ya nufi titi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Bari in sauka in taya shi nema," ta ce, ta nufi ƙofa.

Iya ta cafke gefen zaninta. "Ina za ki? Zauna."

"Yanzun nan zan dawo, Iya."

"Ba za ki dawo ba. Na ga idonki."

Amarya ta tsaya kamar an dasa ta. Shekara huɗu ke nan, a ɗakin asibiti, da numfashin mahaifiyarta ya fara sarƙewa, haka ta ce wa yayarta za ta sayo ruwa. Ta fita ta tsaya a bayan ƙofa, ta toshe kunnuwa, har sai da ta ga ma'aikaciyar jinya ta fito tana girgiza kai. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mijinta. Yanzu ga irin numfashin nan a gabanta, kuma babu yayar da za ta bar wa ɗakin.

Ta zauna.

"Sanyi nake ji," in ji Iya. "Miƙo mini bargona."

Yana ninke a kan gado. Wata biyar Iya tana fama da shi, tun da likita ya ce ta rage aiki ta daina karɓar ɗinkin mutane. Shekara arba'in tana tara ragowar ƙyallaye a cikin buhu, 'yan sirara dogaye waɗanda ko aljihu ba za su yi ba. Sai ta yanka tsohon zanin gado gida-gida, ta riƙa jera ƙyallayen a kai a karkace, tana ɗinka ɗaya a gefen ɗaya, ta bi da dutsen guga, ta datse bakin, sannan ta haɗa gida da gida. Atamfa kusa da yadin makaranta, shadda kusa da labule. Ranar da Amarya ta tambaye ta na wane ne, dariya ta yi ta ce, "Nawa ne mana. Na tufatar da rabin unguwa, ban taɓa ɗinka wa kaina ko matashin kai ba."

Saura layi ɗaya ya cika. Amarya ta rufa mata shi, yatsun ƙafarta suka leƙo ta ƙasa.

"Kin ga gajere ne," in ji Iya. Ta ja numfashi da ƙyar. "Amarya, ni ma tsoro nake ji."

Wannan maganar ta fi komai tayar wa Amarya da hankali. Matar da ta taɓa korar ɓarawo daga matattakala da sandar awo, matar da mai gidan hayar kansa yake gaishe ta da ladabi, ita ce take cewa tsoro.

"Mota tana zuwa, Iya. Ki yi haƙuri."

"Shirun nan ne ba na so. Hau keken. Akwai gida ɗaya a ƙarƙashin allura, ƙarasa mini."

"Iya, kin san ban iya ba."

"Na koya miki. Kanki ne kamar dutse. Hau."

Ta hau kujerar, wadda har yanzu da ɗumin jikin tsohuwar. Ta zaro wani koren ƙyalle daga kwando, ta kifa shi a gefen na baya kamar yadda ta sha gani, ta juya kan keken da hannu, ta taka. Keken ya yi baya, ya ci zare. Ta sake takawa, ya kama gudu.

"Kin karkace," in ji muryar daga bayanta. "Ko ban gani ba, na ji."

"To, Iya."

"Kada ki ja yadin. Bar shi ya tafi da kansa."

Ta buɗe ƙyallen ta danne shi da farce, ta ɗauko ja. Hawaye ya hana ta ganin allurar sosai. A ƙasa motoci suna ta hon, babu wadda ta tsaya a ƙofar gidan.

"Ba ja ba. Akwai ja a gidan nan. Sa mai ɗigo-ɗigon nan."

Ta sa mai ɗigo-ɗigon. Ta sa wani ruwan toka. Ta ƙara wani, ta san sarai ɗinkin ya kauce har ya bar baki a buɗe, ta jira faɗa. Ba a yi mata faɗa ba.

Sai ta kasa tsayar da ƙafarta. Muddin keken yana gudu ba sai ta waiwaya ba. Ƙyallen ya ƙare, allurar ta ci gaba da sara a kan banza, zare yana cukuikuyewa. Ƙofa tana nan a damanta, taku uku, labulen yana motsi. Ta dube ta. Sannan ta ɗage ƙafarta daga kan feda, ta sauko da gwiwoyinta kan tabarma.

Iya tana numfashi, amma daga wannan zuwa wancan akwai nisa. Amarya ta ɗora kanta a cinyarta, ta goge mata gumi da bakin zani. Ta fara karanta mata kalmar shahada a kunne, tana maimaitawa. Leɓen tsohuwar ya motsa sau biyu yana bin ta. Ta saki wani dogon numfashi. Amarya ta jira na gaba, ta yi ta jira.

Da mai shago ya hau da gudu, da direban tasi a bayansa, a haka suka same su. Mai shagon ya cire hularsa ya yi salati. Wayar da ke kan tabarma ta fara ƙara, ɗan Iya ne.

"Ba ni in gaya masa," in ji mai shago.

"A'a. Ni nake wurin." Ta ɗauka. "Yaya, sai haƙuri. Iya ta cika. Ba ita kaɗai ba ce, ina riƙe da ita."

Da yamma ɗakin ya cika da mata, ɗan ya iso, aka yi abin da za a yi. Amarya ta koma ɗakinta ta zauna a bakin gado. Washegari da rana mijinta ya dawo, ya tarar da ita da zanin jiya a jikinta, duk gabansa guntayen zare sun manne, kore da fari da ruwan toka. Ya zauna kusa da ita, ya miƙa hannu zai kakkaɓe mata.

"Bar su tukuna," ta ce.

Ya janye hannunsa. Suka zauna haka, jakar tafiyarsa tana bakin ƙofa ko buɗe ta bai yi ba.