Zaren Maris a Hannun Velichka

A garin Svishtov, bakin kogin Danube, akwai wani babban kanti da shamuwa ke saƙa sheƙa a kan falwayar fitilarsa kowace shekara. Kaka Tsonyo yakan ce tsuntsun nan ya riga manaja zuwa wurin, kuma ya fi shi kunya. Tsonyo tsohon matuƙin jirgin fito ne. Tun da matarsa ta rasu, mutum ɗaya ke ce masa ya kwana lafiya, ita ce Velichka, kashiyar da ke teburin bakin ƙofa. Burodi da kindirmo yake saye, amma hirar yake zuwa ɗauka.

Ana cikin sanyi aka kawo na'urorin da mutum ke biyan kuɗi da kansa. Muryar mace ke fita daga cikinsu, ba ta tari, ba ta gajiya. Tsonyo ya taɓa kara kunne a jikin ɗaya ya ji ko tana numfashi.

"Macen da ba ta ciwon baya ba ta san mutane ba," in ji shi.

Sai labari ya bazu cewa za a sallami kashiya ɗaya kafin ƙarshen Maris. Ko Velichka, ko Boryana, wata mai ɗaurarriyar fuska wadda ko gaisuwa ba ta amsawa. Velichka ita ke riƙe da uwarta da ke kwance jinya, albashin nan ne maganinta.

Tsonyo ya kwana yana tunani, ya tashi da dabara. Ya tara tsofaffin unguwa a ɗakin shan shayinsu na 'yan fansho.

"A zamaninmu, wanda jama'a ke so ba a taɓa shi," ya ce. "Kowa ya bi layin Velichka. Mu nuna musu."

Suka nuna musu kuwa. Layin ya riƙa kaiwa har wajen firjin kifi. Tsohuwa Gergina takan zo da albasa guda ɗaya, ta tsaya neman tabarau a jaka, ta ba da labarin ɗanta da ke Sifaniya daga haihuwarsa. Kosyo gurgu yakan zo safe da yamma, don a ga yawa.

"Kaka, don girman Allah ku je gun na'ura, ga ta can ba kowa," Velichka ta raɗa wa Tsonyo.

"Ji 'yar nan da kunya!"

"Ba kunya ba ce. Saurin hannuna ake aunawa, teburin nan da kansa yake kai rahoto. Ba ruwansu da masoya."

Tsonyo ya yi dariya har haƙorinsa na roba ya motsa. "Manaja ne ya faɗa miki haka don ya raba mu. Ni na ga shugabanni sun zo sun wuce, 'yata. Ki bar mana."

Ranar ɗaya ga Maris, kamar yadda aka saba a ƙasar, kowa yana ɗaura wa masoyinsa zare ja da fari don lafiya, a bar shi a hannu sai an ga shamuwar farko. Tsofaffin suka zo gaba ɗaya, kowa da zarensa. Yatsunsu na rawa, ƙulli ɗaya sai an yi ta fama. Velichka na zaune hannu a miƙe, kaya sun taru a gabanta.

"Ke Gergina, wannan ƙulli ne ko tuwo kike tuƙawa?" in ji Kosyo.

"Rufe mana baki, tsohon mashayi, kai da ko maɓallin wandonka ba ka iya sawa!"

Wani matashi a bayan layi ya yi tsaki. "Gidan tsofaffi aka buɗe ne a nan?" Ya ja kwandonsa zuwa na'ura, wasu suka bi shi. Manaja Preslav ya tsaya yana murmushi, har hoto ya ɗauka. Tsonyo ya ga murmushin, ya ce a ransa nasara ta samu. Zare ya kai wa Velichka har gwiwar hannu.

Ranar da shamuwa ta dawo, Tsonyo ya taho da sauri ya yi wa Velichka albishir. Ya tarar da ita a waje, ƙarƙashin falwayar, ba rigar aiki a jikinta. Tana yanke zaren da almakashin farce.

"'Yata, ba haka ake yi ba. Kwancewa ake yi, a ɗaura a reshe mai fure, a yi fata."

"Na gama fata, Kaka. Ni aka sallama, Boryana aka bari. An ce ba a taɓa samun mai nawar hannu irina ba a duk rassan kantin." Ta dunƙule zaren ta cusa masa a tafin hannu. "Kai wa waccan. Ita ce 'yarka yanzu. Ita ba ta da uwa a kwance."

Ta wuce tashar bas ba ta waiwaya ba.

Tsonyo ya daɗe a tsaye, shamuwa na kaɗa baki a samansa. Amma babu burodi a gida, sai ya shiga. An ja sarƙa a teburin bakin ƙofa, Boryana kuma ta tafi hutun rana. Ya ɗauki burodi ya je gaban na'ura, ya rasa inda zai sa zaren, ya ajiye shi a kan ma'auninta kusa da burodin.

Jar fitila ta kama. Muryar macen ta ce akwai wani abu a kan ma'auni da ba a san shi ba, a cire shi. Ta sake faɗa, ta sake faɗa.

Daga can nesa Preslav ya ɗaga murya, kowa na ji: "Kaka, kwashe tsummanka mana. Kana tsayar da mutane."