Ƙuri'ar Jar Gona

A ƙauyen Ummu Hajal babu mai gonar kansa. Ƙasa ta gari ce, bayan ruwan farko ake raba ta da ƙuri'a, kowane magidanci ya jefa alamarsa cikin burgami. Alamar Abu Muflih haƙorin jaki ce, kuma tun yana sabon ango take faɗo masa da tsandauri, inda ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta tsiro. Jar Gona yake so, wadda ke bakin marmaro. Har tulun irin alkama ya ajiye dominta, ya hana matarsa Zarifa ko leƙa shi.

A bana kuwa, kafin a buɗe burgami, mai gari ya miƙe ya ce an sayar da ƙasar. Zamanin Turkawa kakanninsu suka ji tsoron a ɗebe musu 'ya'ya soja, suka rubuta ƙasar da sunan wani attajirin Beirut. Dabara ce, an gudu ba a tsira ba. Yau jikan attajirin, wanda bai taɓa taka ƙauyen ba, ya sayar wa Yahudawan da suka ƙetaro teku, Turawan Ingilishi masu mulki kuma sun ce kowa ya tashi.

Sai tsoho Hamdan, makahon da ke zaro ƙuri'a, ya ce, "To ni na riga na wanke hannuna. A raba mana."

"Raba me, Baffa?" in ji mai gari.

"Abin da aka saba rabawa. Ko kai ma makaho ne?"

Aka raba. Mai gari ya kira Jar Gona, Hamdan ya zura hannu, ya zaro haƙorin jaki.

"Kai! Jakinka ya farka, Abu Muflih," in ji wani. Ba wanda ya yi dariya.

Abu Muflih ya laluba zuciyarsa ko zai ji murna, ko baƙin ciki, bai tarar da komai ba. Ƙafa ce kawai ta kai shi bakin marmaro.

A can ya iske wani mutum, cikin waɗanda suka ƙetaro teku, yana kafa turakun iyaka. Rana ta ƙona masa wuya, tafin hannunsa duk bororo, ga tabon sara daga kunne har haɓa, wanda ya zo da shi daga inda aka koro shi. Mutumin ya nuna ƙasa, ya dafa ƙirji, ya yi magana da wani harshe. Abu Muflih ma ya nuna ƙasa, ya dafa ƙirji. Suka tsaya suna kallon juna. Da Abu Muflih ya ga wani turke ya karkace, sai ya sa ƙafa ya miƙar da shi, don idonsa bai iya ganin layi a karkace.

A gida ya tarar da Zarifa tana ɗaure tukwane cikin bargo. Labarin sayarwa ya riga shi isowa.

"An dai raba?" ta ce.

"An raba."

"Wacce ta faɗo mana?"

"Jar Gona."

"Madalla," ta ce, ta ja igiya da haƙori. "Jakinmu ba zai iya ɗaukar tulunka ba fa, Abu Muflih. Kuma babu gari a gidan."

Ya dubi tulun. Ya kwance bakinsa, ya zura hannu cikin irin har gwiwar hannu, ya ji sanyinsa.

"Niƙa shi," ya ce.