Kaurar Babana

Ni Suwaiba, duk unguwarmu a Kafur an san ni da sauri. Kafin maƙwabciya ta hura wuta na sauke tukunya, kuma ban taɓa jin kunyar halin nan ba, don da shi na raini 'ya'ya bakwai. Allah da ikonsa sai ya haɗa ni da Malam Mudi, mutumin da in zai sa takalmi sai ya juya shi ya kakkaɓe, ya leƙa ciki, sannan ya tambayi inda ɗayan yake. Shekara ashirin da takwas ina jan sa yana jan ƙafa.

Bara irin dawa ne ya haɗa mu. Kaura ce ta mahaifina, wadda yake nomawa a Mahuta tun ba a haife ni ba, mai nauyin kai, tuwonta ya kwana bai saki ba. Da ya rasu 'yan'uwana maza suka koma masara da waken suya, irin ya ɓace a hannunsu, ni kaɗai na riƙe. Ga shi tsuntsaye sun yi mana ɓarna a kakar bara waccan, abin da na tsira da shi tiya ɗaya ce tak. Na cuɗa ta da toka na toshe a tulu. In wannan ta tafi, kaurar Baba ta tafi ke nan.

Ruwan farko ya sauka wata Talata da la'asar, har kwata ta cika. Washegari gari ya watse, kowa ya nufi gona. Malam ya ɗauki fartanya, na bi shi da tuluna a ka. Da muka isa sai ya durƙusa ya tona rami ya cusa hannu. Danshin iyakarsa tafin hannu, ƙasansa gari ne busasshe. Ya ce ruwan bai ratsa ba, wanda ya shuka yau iri zai tsiro ya rasa abin sha.

Na nuna masa Maitama, maƙwabcin gonarmu, wanda har ya cinye rabin tasa. Ya ce irin Maitama na shago ne, in ya mutu gobe zai sayo wani, ni fa ina zan sayo nawa? Raina ya ɓaci. Na gaya masa nawar jiki ce ke damunsa ya laƙaba wa ƙasa laifi. Ya karkaɗe gwiwa ya yi gaba.

Ranar Alhamis ya tafi ta'aziyya Funtua. Motarsu ba ta gama barin tasha ba na raba irin biyu, na je na shuka rabi a gefen gabas, ni kaɗai, kafin azahar na gama. Kwana biyar tsiro ya fito shar, gwanin sha'awa. Na riƙa wuce Malam a tsakar gida ina gyaran murya. Shi kuwa ya je ya gani, ya ce Allah ya raya, bai ƙara ba.

Daga nan sama ta ɗauke. Kwana goma sha tara ko ɗigo babu. Kullum da safe ina zuwa ina kallon ganyen yana nannaɗewa, ya yi fari, ya kwanta. Ranar da na murza tsiro na ƙarshe ya zama gari a hannuna, na zauna a bakin gona na yi kuka sosai. Ba wani ya yi mini ba, ni na kashe rabin abin da Baba ya bari.

Ruwa na gaske ya zo da asubar wata Asabar, bai ɗauke ba sai hantsi. Wannan karon ban taɓa tulun ba. Malam ya je ya tona, hannunsa ya nutse har gwiwar hannu, ya fito da laka. Wallahi abin da ban taɓa gani ba sai ranar: Malam Mudi ya shigo gida da gudu, hula a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya fizgi sungumi, doguwar fartanyar shuka, ya miƙo mini ƙwarya.

"Suwaiba, yau ce ranarki. Kafin rana ta faɗi irin nan ya kwanta a ƙasa. Ni in sara, ke ki zuba. Amma ƙwaya uku-uku, ba yadda kika saba ba."

To, nan fa aka zo wurina. Yana sara rami ina jefa ƙwaya uku ina rufewa da diddige, ban taɓa kuskuren huɗu ba. Sau biyu ina take masa dunduniya, ina ce masa ya ɗaga ƙafa. Maitama, da ya dawo da sabon irinsa na shago, ya tsaya da baki buɗe yana kallonmu. Ana kiran la'asar na karkaɗe ƙwaryar, babu ko ƙwaya. Irin bai kai gefen gabas ba. Malam ya ce a sa wake a wurin, na ce a bar mini shi haka bana, ina so in riƙa ganinsa.

Da kaka muka ɗaure dami shida. Ban bari an kai rumbu ba sai da na bi na zaɓi manyan kawuna na iri, na sussuke da hannuna. Tiya tara na samu. Na auni uku a buhu na kai wa ƙanena Murtala a Mahuta, na ce ya mayar da ita gonar Baba. Ya karɓa yana murna, ya ce ruwan farko na sauka zai shuka.

Na miƙa hannu na janye buhun gabana.

"Naɗe hannun rigarka," na ce. "Nuna mini inda laka za ta kai kafin ka buɗe wannan."

Ya yi dariya ya taɓa wuyan hannunsa. Na kama yatsansa na matsar da shi sama har gwiwar hannu, na riƙe a nan sai da ya daina dariyar.