Ba a Sa Ni Cikin Masu Buƙata Ba

Ni Iddi, da ƙafar nan na koro shanu daga Dapango har Lome, ba sau ɗaya ba. Kwalara ta shiga Zango ta kwashi maƙwabta, ni ko murɗar ciki. Da aka rushe tsohon Zango aka kwaso mu nan, a kaina na ɗauko ƙyauren ɗakina. To irin wannan mutum ne wata yarinya ta zo tana tambaya ko yana da ciwo.

Umaima sunanta, jikar wani mahauci da na sani a unguwar Hanukope. Karatun lafiyar jama'a take yi a jami'a, aka turo ta ta bi gida gida ta ji abin da ke damun unguwa, daga ruwan sha har kwata da sauro. Tun da Rahinatu matata ta rasu, yara kuma ɗaya na Libarbil ɗaya na Kumasi, ba wanda ya zauna a tabarmata har shayi ya huce sai ita.

Yarinya mai tarbiyya ba ta shiga ɗakin gwauro, ko da ya yi jika da ita. Saboda haka a ƙofar gida muke zama, gefen mai shayi, inda kunnen kowa yake. Ta ce mini tsofaffin da aka samu da larura, kuma ba kowa a gidansu, za a riƙa turo musu ma'aikaciyar jinya duk Alhamis ta duba su. Sai ta tambaya ko ina jin jiri, ko ƙafa na kumbura. Na ja bakin riga na rufe ƙafafuna, don ƙuda. Na ba ta labarin bijimin da na kayar a garin Kara da hannu ɗaya.

Ta auna mini tansiyo, wato hawan jini, ta ɓata fuska. Na ce na'urar ce ta tsorata da ni. Masu shayi suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Mahamadu maƙwabcina kuwa, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, ya zauna ya lissafa mata gwiwa, ƙugu, ido, har da fitsari, a gaban jama'a. Na ji masa kunya. Namiji ya kai ƙarar jikinsa gun 'yar cikinsa, kamar Allah bai yi masa komai ba.

Ta yi ta zuwa har aikinta ya ƙare. Ina ce mata amaryata, tana ce mini ango mai haƙori biyu. Ranar sallama ta durƙusa kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Kaka, yau zan miƙa sunaye. Na ga yadda kake dafa bango in za ka tashi. Ka ce e kawai, sauran nawa ne."

Na duba, mai shayi ya daina fifita wuta. Mahamadu ma ya miƙo wuya.

"Bangon ne ya tsufa, ina tallafa masa," na ce. "Ni lafiya lau, alhamdulillahi. Ki ba ragwaye."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce ba ta da ikon sa mutum in bai yarda ba. Ta ce in yafe mata, ta tsayar da zemijan, wato ɗan acaɓa, ta hau, ta nufi unguwar Kege.

Yanzu duk Alhamis wata mata mai farar riga takan wuce ƙofata, ta gaishe ni a tsaye, ta shiga gidan Mahamadu. Sai in ji suna hira, yana tari yana dariya, tana yi masa faɗa kan gishiri. Takan daɗe. Ni na mayar da tabarmata jikin katangarsu, don inuwar can ta fi sanyi.