Ƙofar Hagu

Malam Tijjani kafinta ya danna katakon ƙofar motar da babban yatsansa, sai ya marmashe kamar busasshiyar gurasa. Ya ɗago ya dubi maƙwabcinsa Lurwanu bakanike, wanda aka kwantar a kan gadon igiya a inuwar bango, nan tsakar gidansa da ke unguwar Utaibiyya a Makka.

"Katakon nan ya mutu," in ji Tijjani. "Zafin Makka ya cinye shi."

"Na sani, Malam. Shekara biyu ke nan ina gaya maka."

Gaskiya ne. Shekara biyu Lurwanu yana roƙonsa ya gyara masa katakon motarsa, shi kuwa yana ƙi. Motar ce ba ta kwanta masa ba. 'Yar ƙarama ce ja, ana ce mata MG, kujera biyu rak, ba rufi sai tamfol. Wani Bature a Jidda ne ya bar ta da mataccen inji, Lurwanu ya jawo ta a bayan lori a shekarar 1953. Kullum bayan la'asar yakan ba mutanen lungu tarihinta ko ba su tambaya ba: a Ingila aka ƙera ta bayan babban yaƙi, sojojin Amirka suka gan ta suka yi ta kwasa zuwa ƙasarsu, kuma da ita saurayi ke fara gudu kafin hannunsa ya kai ga manyan motoci. Sitiyarinta a dama yake, saɓanin sauran motocin Hijaz. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne jikinta: ƙarfe a waje, ƙashin katako a ciki.

Injin dai ya tashe shi da hannunsa. Amma ginshiƙin da ke riƙe da ƙofar hagu ya ruɓe, ƙofar ba ta rufuwa, kuma ta gaba take buɗewa, ko yaya aka yi gudu iska za ta fizge ta. Wannan aikin kafinta ne.

Tijjani mutum ne da ba ya ɓoye magana. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa mota ita ce mai ɗaukar alhazai arba'in da buhunansu zuwa Arfa, wannan kuwa ko buhun shinkafa ɗaya ba ta da wurin sa wa, abin wasa ce, kuma abin kunya ne ga mai furfura. Ya ce zartonsa na tagogi ne da makara.

Yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da Lurwanu, likita ya ce a mai da shi gida. Matarsa Rabi'atu ce ta aika a kira Tijjani. Tana bayan labule tana tankaɗe, tana jin su.

Tijjani ya soma maimaita tsohuwar maganarsa, cewa mutumin da ke wannan hali carbi ya kamata ya riƙe. Lurwanu ya ɗaga carbin da ke hannunsa ya nuna masa, ya yi murmushi. Sannan ya ba shi labarin da bai taɓa ba kowa ba a lungun. Daga Katsina suka taso da ƙafa, shi da Rabi'atu, shekara shida kafin su ga teku a Sawakin ta ƙasar Sudan. Duk tafiyar nan da kaya a kanta. Kusa da Fashir suka binne ɗansu na fari, washegari ta sake ɗaukar kayan. A ranar ya yi mata alkawarin zai ɗauke ta a abin hawa, ita kaɗai. Tun daga nan ya sa ta a lori ba adadi, amma kullum da ƙunshin wani a cinyarta.

"Kullum kana cewa motar nan ba ta ɗaukar kaya," in ji shi. "Ai don haka na jawo ta, Malam."

Daga bayan labule Rabi'atu ta ce, "Ni fa na yafe masa tuntuni. Shi ne ya ƙi yafe wa kansa."

Tijjani ya fita. Kafin azahar ya dawo da zarto da gizago da wani katako mai nauyi da ya ajiye don ƙofar ɗakinsa. Kwana biyu yana sassaƙa, yana gwadawa, yana zagin Turawan da suka ɓoye itace cikin ƙarfe. Lurwanu yana kwance yana ba da umarni, shi kuwa yana ce masa ya yi shiru, bakanike bai san itace ba. A rana ta uku ya tura ƙofar, ta ce ƙyas, ta zauna.

Bayan la'asar aka ɗauko Lurwanu aka zaunar da shi bayan sitiyari. Rabi'atu ta fito a lulluɓe, ta tsaya tana duban hannuwanta, don ba ta saba fita ba komai a cikinsu ba. Tijjani ya kau da kai, ya buɗe mata, ya rufe. Injin ya tashi. Amma ƙafar Lurwanu ta kasa danna kuloci. Ya gwada sau uku, gumi ya keto masa.

"Halas, shi ke nan, kashe ta," in ji Tijjani. "Riƙe sitiyarinka kawai."

Ya naɗe hannun riga, ya kira Garba mai ɗebo ruwa, wanda ya ajiye garwarsa a bakin ƙofa. Su biyu suka tura ta cikin lungu, suka wuce mai gasa burodi, har kan hanyar Zahir inda ƙasa ta ɗan gangara. Nan ta kuɓuce musu, ta tafi da kanta, iska ta ɗaga gefen mayafin Rabi'atu. Tijjani yana haki ya ji dariyarta daga nesa, bai taɓa jin ta ba cikin shekara ashirin na maƙwabtaka.

Lurwanu ya cika ranar Alhamis da hantsi. A makarar da Tijjani ya yi aka kai shi Harami, aka sallace shi, aka wuce da shi maƙabartar Ma'ala.

Bayan kwana bakwai Tijjani ya shiga gidan ɗaukar gizagonsa da ya manta. Ya yi sallama a hankali. Rabi'atu tana zaune a kujerar hagu ta motar cikin kayan takaba, ƙofar a rufe, tafin hannuwanta a buɗe bisa cinyarta. Ya bar gizagon inda yake, ya ja ƙyauren gidan, ya fita.